Gonar Da Ba A Nomawa

Ranar farko da na tura kekensa zuwa bakin shinge
na ɗauka kunya ce.
Na ce, Baba Murdo, wane ƙato ne ya yi wannan huɗa
ya tafi bai shuka komai ba?
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Da numfashi ya dawo, ya ce, Rumawa ne, yarinya,
tsoronsu suka haƙa a nan.

Rami biyar, wani bayan wani,
ciyawa ta lulluɓe su kamar bargo a kan mai zazzaɓi.
A gefen ƙauyen Braco,
inda ruwan sama ba ya sallama kafin ya shigo,
wasu samari masu kewar gida
sun kwashi ƙasa da kwando,
sanyi na cin yatsunsu,
suna jiran abokin gaba daga tsaunukan can.
Ko ya zo, ko bai zo ba,
tumaki ne yanzu ke gadi.

Doka ta hau kan wannan fili ta zauna.
Garma ba ta shiga.
Ko turke za ka kafa
sai takarda ta je Edinburgh ta dawo da hatimi.
Ubana, in ji shi, ya mutu yana ƙunƙuni:
ƙasa mai kyau haka, ko tiya guda ta sha'ir
ba ta taɓa ba shi ba.
Zomaye kuwa ba su iya karatu ba.
Suna ta ɓarnarsu a ƙarƙashin allon gargaɗi,
sai Morag Tennant ta zo da igiyar awo da littafi,
ta durƙusa cikin laka tana ƙirga ramukansu
kamar mai duba gyambon ɗanta.

Wata Alhamis ya ce in buɗe durowar ƙasa.
Gwangwanin taba, murfi ya yi tsatsa.
A ciki, ƙusa ƙarama, ba ta kai ƙwayar masara ba.
Ta takalmin soja ce, in ji shi,
zomo ya tono, ni na tsinta ina ɗan shekara tara.
Shekara saba'in da shida ina ɓoyon ta.
Ki kai wa Morag.
Kada ki ce na sata. Ki ce na riƙe musu.

Na riƙe ta a tafin hannu, sai gida ya faɗo mini.
Mu ma muna da ganuwa.
Da daro muka kwashe ta, ni da yayyena,
aka kwaɓa, aka yi tubali,
ɗakin da aka haifi ƙanena da ita aka gina shi.
Ba wanda ya aiko da takarda.
Yau in ka tambayi yaran unguwa inda ta bi
sai su nuna maka shagon mai cajin waya.
Ban san wa ya fi mu gaskiya ba:
tamu ta zama inuwa, ta ɓace,
tasu tana nan, ba ta ciyar da kowa sai tumaki.

Yanzu sunana yana kuɓuce masa.
Jiya ya kira ni da sunan matarsa,
shekaranjiya ya tambaye ni wace ce ni.
Amma in la'asar ta yi sakaliya,
rana ta kwanta ta gefe,
inuwa ta cika kowane rami har baki,
sai ya ɗaga yatsa mai rawa:
ɗaya, biyu, uku, huɗu,
ya tsaya, ya dube ni.

Biyar, Baba.

Biyar, ya ce. Suna nan.
Gyara mini bargon, mu koma.